Kama da wane ba ta wane: ko tsoka za ta iya haifar da jijiya?

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a sashen masu haɗari na babbar likita ya ga irin wannan da idonsa. Mutum biyu babur ɗaya ya kayar, rana ɗaya aka kawo su. Na farko ƙarfe ya yage masa cinya, tsoka ta buɗe har ana hangen ƙashi. Aka wanke, aka ɗinke, bayan ƴan makonni ya tashi yana ɗingishi, kafin damina ta kewayo ya koma kasuwa. Na biyu kuwa ko ɗigon jini bai zubar ba, amma ƙashin bayansa ya goce ya datse laka. Shekaru sun shuɗe yana nan kwance, ƙafafunsa ba su jin zafi, ba su jin sanyi.

Me ya sa tsoka take gyara kanta, alhali laka da ƙwaƙwalwa ba su yi? Kuma in har tsoka tana da magina masu gyara ta, me zai hana a ɗauko su a kai su inda babu magina? Sama da shekara 20 ke nan masana a Amurka da Italiya da Japan suna bin sawun wannan tambaya ta biyu a ɗakunan gwaje-gwaje. Abin da suka samo da abin da ya kuɓuce masu ya shafi lafiyar mai karatu, ya kuma shafi aljihunsa, domin kuwa tun binciken bai nuna ba wasu suka kai shi kasuwa.

Iri a cikin rumbu

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Yawansu ya kai wajen miliyar dubu 30, kuma sun kasu jinsi 200 ko fiye: na jini, na fata, na ƙashi, na hanta, na tsoka, na jijiya. Galibinsu kowace da sana'arta, a kanta take rayuwa, a kanta take mutuwa. Amma a wasu sassan jiki akwai ƴan ƙalilan da aka keɓe ba su kama sana'a ba tukuna. Su ne Faransawa ke kira *cellules souches*, a Hausa kuwa babu sunan da ya dace da su kamar ƙwayoyin iri. Yadda manomi ke ware damin gero ya hana a taɓa shi ko da yunwa ta matsa, haka jiki ke ajiye su. Idan ƙwayar iri ta rabu biyu, ɗaya ta tafi aiki, ɗaya ta zauna a matsayin iri, don haka rumbun ba ya ƙarewa da wuri.

A shekarar 1961 wani masani mai suna Alexander Mauro, na Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York, yana duba tsokar ƙafar kwaɗo da madubi mai aiki da lantarki, sai ya hangi wata ƴar ƙwaya lafe a gefen zaren tsoka, ƙarƙashin fatarsa. Ya raɗa mata sunan da ma'anarsa ita ce ƴar rakiya, ya kuma yi hasashen cewa ita ce ke gyara tsoka. Bincike na baya ya gaskata shi. Tana nan tana barci har ranar da tsoka ta ji rauni. Sa'an nan ta farka, ta hayayyafa, ƴaƴanta su haɗu su saƙa sabon zare. Ita ce ta tayar da mai yagaggiyar cinya.

Kafin a waiwayi na biyun, sai a gyara wata kalma. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, yana kuma kiran hanyar saƙo jijiya. Ta ukun ce ake nufi a nan, watau wadda ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta komo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Ƙwayar jijiya tana da ɗan ƙaramin jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar waya guda mai aika shi. Wayar da ta tashi daga ƙasan laka zuwa babban yatsan ƙafa takan kai kusan mita guda, kuma ta ƙwaya ɗaya ce tak. A ƙwaƙwalwa akwai irin waɗannan ƙwayoyi kimanin miliyar 86.

Ƙwayar jijiya in ta balaga ba ta ƙara rabuwa. Masanin nan na ƙasar Sipaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ya daɗe da lura cewa hanyoyin ƙwaƙwalwa da laka na baligi in sun lalace ba su sake tsirowa. Daga baya an gano ɗan ragowar iri a wasu lungunan ƙwaƙwalwa, amma bai isa cike giɓin da babbar cuta ke bari ba. Shi ya sa shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, take barin tabo na dindindin. Shi ya sa ƙafar da shan inna ya shanye ba ta komowa, domin ƙwayoyin laka masu ba ta umurni ne cutar ta kashe. Jijiyoyin hannu da ƙafa su suna da ɗan sauƙi: in an ɗinke wadda ta tsinke takan tsiro kimanin milimita ɗaya a yini, watau santimita 3 a wata. Amma in giɓin ya yi faɗi, ita ma takan gaza.

To, a nan ne idon masana ya faɗa kan tsoka. Ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji lafiyayye. Ana iya yankar ɗan ƙanƙanen yanki daga cinya ko dantse da allurar kashe zafi, mutum ya koma gida ran nan. Ƙwayoyin na majinyacin ne da kansa, saboda haka jikinsa ba zai yaƙe su kamar baƙi ba. Bugu da ƙari babu ruwansu da gardamar addini da ɗa'a da ta taso tun 1998, lokacin da James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya fara rainon ƙwayoyin iri daga ɗan tayin mutum mai kwana kaɗan.

Kundi ɗaya, ofisoshi dabam-dabam

Mai hankali zai tambaya: ta yaya ma za a yi tsammanin tsoka ta zama jijiya? Tun a mako na uku na ciki ɗan tayi yakan kasu shimfiɗa uku. Daga ta waje fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke fitowa; daga ta tsakiya tsoka da ƙashi da jini; daga ta ciki hanji da hanta da huhu. Ke nan tsoka da jijiya ba ma ƴan ɗaki ɗaya ba ne.

Amsar tana cikin cibiyar ƙwaya, inda kundin gado yake, wanda ake kira ADN. Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa saurin gane wannan. A ce kowane ofis na ƙasa an ajiye masa cikakken kundin dokoki, amma ma'aikacin duwan babin duwan kaɗai yake buɗewa, na baitulmali babin kuɗi, sauran babobin kuwa an ɗaure su da igiya an buga hatimi. Haka kowace ƙwaya take ɗauke da babobi kusan 20.000, iri ɗaya sak a tsoka da ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne aka buɗe, waɗanne aka rufe.

Wanda ya fara tabbatar da haka shi ne John Gurdon na ƙasar Ingila, a 1962. Ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam na wani kwaɗon Afirka, ya dasa ta cikin ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga sabon talibambam yana iyo. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da sauran babobin ba, rufe su kawai ta yi. A 1987 kuma ƙungiyar Harold Weintraub a birnin Seattle ta nuna cewa buɗe babi ɗaya tak, mai suna MyoD, ya isa ya mai da ƙwayar da ke saƙa tabo ta koma ƙwayar tsoka. Haihuwar tunkiyar nan Dolly a Sikotilan a 1996, daga cibiyar ƙwayar hantsar wata tunkiya, ta ƙara ƙarfafa zance. Idan ana iya canza wa ƙwaya wurin aiki zuwa ofishin tsoka, me zai hana a canza wa ta tsoka zuwa ofishin jijiya?

Yadda ake tankaɗe da raino

Aikin yakan fara da ɗan yankin tsoka. A yayyanka shi ƙanana, a zuba masa sinadaran da ke narkar da danƙon da ya riƙe ƙwayoyin, a tace, a samu ruwa mai ɗauke da ƙwayoyi iri-iri a gauraye. Sai tankaɗe. Dabarar da ta fi shahara ita ce wadda ƙungiyar Johnny Huard, ɗan yankin Kebek na Kanada, ta inganta a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Ana zuba ruwan cikin kwalba mai shimfiɗaɗɗen ciki da aka shafe da kolajen, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37, daidai da zafin jiki. Cikin sa'o'i kaɗan masu saƙa tabo sun manne a ƙasa. A juye abin da ya rage yana yawo cikin wata kwalbar. Kashegari talakawan ƙwayoyin tsoka sun manne. A sake juyewa, a sake, har wajen sau shida cikin kusan mako guda. Abin da ya saura a ƙarshe wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne masu zagaye, masu nawar mannewa. A 2002 ƙungiyar ta ba da rahoton cewa waɗannan, a ɓeraye, suna daɗewa suna hayayyafa kuma suna iya kama sana'a fiye da ɗaya.

Mataki na gaba shi ne canza masu abinci. A janye ruwan jinin dabba da aka saba ciyar da su da shi, a sa su cikin ruwan da ake rainon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, a ƙara sinadaran girma guda biyu da ake kira EGF da FGF. Bayan kwanaki wasunsu sukan dunƙule su zama ƴan curi masu yawo, kamar yadda ƙwayoyin irin ƙwaƙwalwa ke yi. In an shimfiɗa curin, aka janye sinadaran girman, sai wasu ƙwayoyi su fara miƙa siraran rassa. Daga nan a shafa masu rini na musamman wanda ba ya kama komi sai wasu sinadaran da aka san ƙwayar jijiya da su, irin su nestin da tubulin, a duba a madubi cikin duhu. Masu ɗauke da su sai su yi haske kore ko ja.

A 2002 wasu masana na Jami'ar Kaliforniya ta Los Anjelas suka wallafa irin wannan sakamako daga tsokar ɓeraye. A 2004 mujallar likitoci ta *The Lancet* ta buga aikin wata ƙungiya ta birnin Milan na Italiya, wadda ta yi shi da tsokar mutane. Hotunan suna da ban sha'awa ƙwarai, jaridun duniya kuma suka ɗauka. Sai dai ɗan kasuwa ya san lakabin da ke bayan kwali ba shi ne kayan da ke ciki ba.

Darasin gishiri da sabulu

A daidai wannan zamani wani abu ya faru da ya kamata a riƙa karantar da shi. A shekarar 2000 ƙungiyar Ira Black a jihar New Jersey ta ba da sanarwar cewa ta zuba wasu sinadarai kan ƙwayoyin irin ɓargo, cikin sa'o'i kaɗan mafi yawansu suka zama ƙwayoyin jijiya: ga jiki mai zagaye, ga rassa, ga rini ya kama. Ɗakunan bincike da yawa suka kwaikwayi dabarar a kan ƙwayoyin kitse da na tsoka da sauransu. A 2004 ƙungiyar Mark Tuszynski ta San Diego, da wata a Filadelfiya, suka sake gwajin cikin natsuwa, suna kallon ƙwaya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka gani shi ne ƙwayar ba rassa take fitarwa ba. Ƙanƙancewa take yi saboda azabar sinadarin, tana janye jikinta zuwa tsakiya, tana barin siraran zare a wuraren da ta manne, kamar yadda danƙo ke yi in an ja shi. Mutanen San Diego suka gwada ruwan gishiri mai kauri, da ruwan sabulu, da ruwa mai tsananin tsami, duka suka ba da siffar nan, har a kan ƙwayoyin da ba na iri ba. Rinin kuwa ya ƙara haske ne don abin da ke ciki ya taru wuri ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Ruɗi na biyu ya fito a 2002, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Edinbara ɗaya a Florida, suka nuna a mujallar *Nature* cewa ƙwaya takan haɗe da maƙwabciyarta su zama guda. Mai kallo sai ya ɗauka ta canza sana'a, alhali rigar wata ta shiga.

Na uku shi ne batun asali, kuma shi ya fi shafar tsoka. Ba duk wanda aka iske a kasuwar Maraɗi ne ɗan Maraɗi ba. A cikin tsoka akwai hanyoyin jini da ƙwayoyin da ke kewaye da su, akwai jinin kansa, akwai ƙarshen jijiyoyi tare da ƙwayoyin Schwann, waɗanda ke naɗe jijiya kamar robar da ke naɗe wayar lantarki, kuma su asalinsu dangin jijiya ne. Idan aka niƙa tsoka, duk waɗannan suna cikin ruwan. A 1999 ƙungiyar Margaret Goodell ta birnin Houston ta ba da rahoton cewa ƙwayoyin da ta samo daga tsokar ɓera sun samar da jini. Bayan shekara 3 ita da kanta ta wallafa gyara: ƙwayoyin nan dama dangin jini ne, baƙunci suke yi a tsoka. Wannan hali nata abin yabo ne, kuma shi ne ya raba kimiyya da talla. Amma darasin yana nan: in ƙwayar da aka ciro daga tsoka ta nuna halin jijiya, sai an fara tabbatar da ko ƴar gida ce ko baƙuwa.

Gwajin maƙera

Mai sayen zinariya ba ya tsayawa ga launi, sai ya goga ta a dutse. Dutsen gwajin ƙwayar jijiya shi ne lantarki. Ƙwayar jijiya ta gaske, in tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kusan milivolt 70. In an taɓa ta, sai ƙofofin da ke fatarta su buɗe, gishirin sodiyom ya kwararo ciki, wutar ta yi tsalle ta komo cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan tsalle shi ne saƙon, kuma a manyan jijiyoyi yana gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa. Ana auna shi da ɗan bututun gilashi da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, dabarar da ta sa Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka sami kyautar Nobel a 1991.

Saboda haka sharuɗɗan huɗu ne: siffa, da sinadaran shaida, da harba saƙon lantarki a kai a kai, da ƙulla mahaɗa da wata ƙwayar jijiya har saƙo ya ƙetara. Da yawa daga rahotannin farko a kan tsoka sun tsaya ne a biyun farko, waɗanda su ne masu sauƙin samu, su ne kuma masu sauƙin ruɗi.

Abin da tsoka ta iya

Wannan bai sa an watsar da ƙwayoyin tsoka ba. Inda suka fi nuna alfanu shi ne jijiyoyin gaɓoɓi. A 2014 Mitra Lavasani da Johnny Huard da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji: sun yanke wani yanki na babbar jijiyar cinyar ɓeraye, giɓin da ba ya haɗewa da kansa, suka zuba ƙwayoyin irin tsokar mutum a wurin. Jijiyar ta tsiro ta ƙetare giɓin, tafiyar ɓerayen ta gyaru, tsokar ƙafarsu ba ta tsotse kamar ta waɗanda ba a yi wa dashen ba, kuma har wata 18 ba a ga wata illa ba. Abin lura shi ne aikin da ƙwayoyin suka kama a can: sun kewaye wayar da ke tsirowa, wasunsu suka zama masu naɗe ta. Watau sun yi aikin masu gyaran hanya, wayar kuwa ta ɓeran ce da kansa.

Amma ƙungiyar nan dai, shekara guda kafin haka, ta ba da wani labari mai sanyaya jiki. Da ta yi irin wannan dashe da ƙwayoyin tsokar ɓera, jijiyar ta warke, bayan makonni kuma sai ga mugun ƙari ya tsiro a wurin. Baiwar ƙwayar iri, watau yawan hayayyafa, ita ce kuma haɗarinta, domin ciwon daji ba kome ba ne illa ƙwayar da ta ƙi daina rabuwa. Har yanzu dashen ƙwayoyin tsoka bai zama maganin da likitoci suka amince da shi ba a kan shanyewar ɓarin jiki ko karyewar laka.

Hanyar da ta fi gaba

Yayin da ake wannan fama, wani likitan Japan, Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto, ya bi wata hanya. Maimakon ya canza wa ƙwaya abinci ya jira ta buɗe babobin da kanta, sai ya nemi mabuɗan. Ya fara da babobi 24, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan 4. A 2006 ya nuna cewa waɗannan huɗu suna mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma tamkar ta ɗan tayi, mai iya zama kowane jinsi. A 2007 ya maimaita da ƙwayoyin mutum. A 2012 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da John Gurdon, shekara 50 cif bayan gwajin talibambam. A 2010 kuma Marius Wernig na Jami'ar Stanford ya taƙaita tafiyar: da babobi 3 ya mai da ƙwayoyin saƙa tabo na ɓera kai tsaye zuwa ƙwayoyin jijiya, kuma waɗannan sun ci gwajin maƙera, sun harba saƙo, sun ƙulla mahaɗa.

Da wannan dabara, asalin ƙwayar ya rage muhimmanci. Ɗan fallen fata ko ƙaramar kwalbar jini sun wadatar, ba sai an yanki tsoka ba. Ita ce kuma ta fara isa gadon majinyaci. A watan Oktoba na 2018 ƙungiyar Jun Takahashi a Kyoto ta dasa ƙwayoyi miliyon 2 da dubu 400 a ƙwaƙwalwar wani mai cutar Parkinson, cutar nan ta karkarwa da sandarewar jiki, wadda mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamin ke haddasawa. A watan Afrilu na 2025 aka wallafa sakamakon: majinyata 7, an bi su shekara 2, ba a ga mummunar illa ko ƙari ba, kuma daga cikin 6 da aka auna motsinsu 4 sun sami sauƙi. Mai karatu ya lissafa da kansa: shekara 19 daga ɓeran Yamanaka zuwa rahoto a kan mutum 7. An kuma fara da Parkinson ne don jinsin ƙwaya ɗaya ne ya ɓata, kuma an san wurin da ake bukatar sinadarinsa. Laka da ta tsinke kuwa dubban dubatan wayoyi ne da kowace sai ta komo ga mahaɗarta.

Kasuwa ta riga likita

Mai ciwo a gida ba ya jin kiran a yi haƙuri, kuma ƴan damfara sun san haka. A ƙasashe da dama akwai gidajen magani masu zaman kansu da ke tallar allurar ƙwayoyin iri a intanet, suna cewa tana warkar da shanyewar jiki da ciwon sukari da tsufa gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya yana rubuce a manyan mujallun likitoci. A 2016 *New England Journal of Medicine* ta ba da labarin wani Ba'amurke mai shekara 66 wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya je Sin da Ajantina da Meziko aka yi masa irin wannan allura a gadon baya. Ya ƙare da ƙari a laka, kuma da aka gwada ƙarin aka iske ƙwayoyinsa ba na jikin mutumin ba ne. A 2017 mujallar ta ba da labarin tsofaffin mata 3 a Florida, kowace ta biya dalar Amurka 5.000, wajen sefa miliyon 3 ke nan, aka yi masu allurar ƙwayoyin kitsensu a idanu biyu. Dukansu ganinsu ya lalace ƙwarai, ɗaya ta makance ɗungum.

Wannan ya shafi ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke tara kuɗi, wani har ya sayar da fili, don fitar da mahaifi ko mata neman magani waje. Kafin a biya ko dala, akwai tambayoyin da ya kamata a yi. Waɗanne ƙwayoyi ne, daga ina aka samo su? A kan mutum nawa aka gwada su a wannan cutar takamaimai, kuma a wace mujallar likitoci aka wallafa sakamakon? Hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi a matsayin magani, ko kuwa gwaji ne? In gwaji ne, bisa al'ada ba majinyaci ke biyan kuɗinsa ba. A kuma nuna takardun ga likitan gida tun ba a sayi tikitin jirgi ba. Wurin da aka ce allura ɗaya tana maganin cuta goma, a kama hanya.

Haka nan garin nan na cikin ƴan ledoji da ake yawo da shi ofis-ofis da sunan ƙwayoyin iri na tsirrai. Ƙwayar iri abu ce mai rai, wadda ba ta jure bushewa da zafin rana a kan tebur. Duk abin da aka haɗiya kuma ciki narkar da shi yake yi, kamar tuwo. Ƙwayar itace ba ta zama jijiyar mutum. Babbar hasarar ma ita ce majinyacin da ya ajiye maganin hawan jininsa ya rungumi leda.

Abin da aka tabbatar yana kare jijiya yana nan kusa, kuma ba shi da tsada: auna jini a kai a kai da shan maganinsa ba fashi, rage gishiri, sa hular kwano a kan babur, da kai yara rigakafi. Allura da ɗigon rigakafin ne suka sa ran 25 ga Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wanda ciwon ya riga ya kama kuwa, motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru tun da wuri yana taimaka wa ƙwayoyin da suka tsira su karɓi wani abu daga aikin waɗanda suka mutu, juya shi a kan gado kuma yana tsare shi daga gyambo.

Shi dai mutumin nan da ke kwance tun ranar haɗarin babur, masana ba su manta da shi ba, kuma abin da aka sani yau ya fi na shekara 20 da suka wuce nesa. Amma sannu aikin ke tafiya, daga kwalba zuwa ɓera, daga ɓera zuwa mutum 7. Kafin ya iso, haƙƙinsa a kan danginsa shi ne a kula da shi da abin da aka tabbatar, kada a sayar da gonarsa a kan hoton ƙwaya mai haske. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi tsare masu lafiya.